Kashi 73 Cikin Ɗari: Alƙaluman da Suka Kawo Ƙarshen Haramcin Giya a Amurka

A shekarar 1933, Amurkawa kusan miliyan 21 ne suka fita zaɓen wakilan da za su yanke hukunci kan dokar haramta giya, wadda ta shafe shekara 13 tana aiki a ƙarƙashin kundin tsarin mulkin ƙasar. Sama da miliyan 15 daga cikinsu, wato kimanin kashi 73 cikin ɗari, suka zaɓi wakilan da suka ɗauki alƙawarin soke ta. Wannan lissafin masanin tarihi David Kyvig ne, a littafin da ya wallafa a 1979 kan yadda aka soke dokar. Ke nan a cikin kowane mutum huɗu da suka jefa ƙuri'a, kusan uku sun juya wa haramcin baya. Ranar 5 ga Disamba, 1933, jihar Utah ta zama ta 36 da ta amince da Gyara na 21, wanda ya shafe Gyara na 18 da ya kafa haramcin. A ranar ne haramcin da ya fara aiki tun 17 ga Janairu, 1920 ya faɗi.

Kundin zaman majalisun tarayya ya nuna girman sauyin. A 1917, Majalisar Wakilai ta amince da haramcin da ƙuri'a 282, masu adawa 128. A watan Fabrairun 1933 majalisar ta amince da soke shi da ƙuri'a 289, masu adawa 121. A duka zaman biyu ƙuri'a 410 aka kaɗa. A Majalisar Dattawa kuwa, 65 da 20 aka samu wajen kafa dokar, 63 da 23 wajen rushe ta. Rinjayen da ya ɗora dokar da wanda ya sauke ta kusan girmansu ɗaya, tsakaninsu shekara 15 da 'yan watanni.

Jihohi 48 Amurka take da su a lokacin, kuma gyaran kundin tsarin mulki ba ya tabbata sai 36 sun amince. Jihohi 13 kawai sun isa su tsare ƙofa. Kan wannan lissafi Sanata Morris Sheppard na Texas, wanda ya gabatar da Gyara na 18 a majalisa, ya dogara lokacin da ya ce a 1930 babu ta yadda za a yi a soke shi. Da lokacin ya zo, kwana 288 aka yi daga ranar da majalisa ta miƙa wa jihohi batun zuwa ranar da ta 36 ta amince, alhali kafa haramcin ya ci kwana 394. Ba a taɓa soke wani gyara na kundin ba kafin wannan, ba a kuma sake yi ba har yau.

Ma'aunin haramcin shi ne rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Dokar Volstead ta 1919, wadda ta fayyace yadda za a aiwatar da gyaran, ta ɗauki duk abin sha da sinadarin sa maye ya kai wannan adadi a cikinsa a matsayin barasa. Da wannan ma'auni giyar sha'ir da giyar inabi suka shiga sahun wiski. Dokar ta hana sarrafawa, sayarwa, safara, shigowa da fitarwa. Ba ta hana saye ko sha ba, ta kuma bar ƙofa ga barasar da likita ya rubuta wa majinyaci da giyar inabin da ake amfani da ita a wuraren ibada. Mai sayarwa ne ke fuskantar kotu, mai saye yana gida.

Dokar ta rage shan giya. Gwamnati ba ta da lissafin abin da aka sha a ɓoye, don haka masana tattalin arziki Jeffrey Miron da Jeffrey Zwiebel, a binciken da suka wallafa a 1991, suka bi ta kan sawun da shan yake bari: mace-macen ciwon hanta, mace-macen shaye-shaye, yawan waɗanda aka kama a buge, da yawan waɗanda barasa ta taɓa wa ƙwaƙwalwa har aka kwantar da su a asibiti. Sakamakonsu ya nuna cewa a farkon haramcin sha ya sauka zuwa kimanin kashi 30 cikin ɗari na yadda yake a da. Cikin 'yan shekaru ya sake hawa zuwa kashi 60 ko 70. Ko a lokacin da fasa-ƙwauri ya fi ƙamari, abin da ake sha ya gaza na da da kusan kashi ɗaya bisa uku.

Alƙaluman hukumar NIAAA, wadda ke binciken illolin barasa a Amurka, sun bi wannan layi. Tsakanin 1911 da 1915, kowane mai shekara 15 zuwa sama yana shan kimanin lita 9.7 ta zallar sinadarin a shekara, idan aka raba jimillar daidai. A 1934, shekarar farko bayan sokewa, adadin lita 3.7 ne, kimanin kashi 38 cikin ɗari na tsohon mizani. Adadin 1934 bai ƙunshi barasar ɓoye da ta rage a kasuwa ba, kuma akwai jihohin da ba su halatta sayarwa ba tukuna, saboda haka ainihin abin da aka sha ya ɗara haka. Duk da wannan gyara, sai a farkon shekarun 1970 shan giya ya koma inda yake kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Ba duka raguwar ce dokar tarayya ta kawo ba. Kafin Janairun 1920, jihohi 33 da ke ɗauke da kimanin kashi 63 cikin ɗari na jama'ar ƙasar sun riga sun haramta giya da dokokin kansu, kuma dokokin lokacin yaƙi sun taƙaita hatsin da ake kai wa masana'antun barasa. A lissafin NIAAA, sha ya riga ya sauka zuwa lita 7.4 tsakanin 1916 da 1919, raguwar kusan kashi 24 cikin ɗari tun dokar ba ta fara aiki ba.

Ciwon hanta ma haka. Paul Aaron da David Musto, a nazarin da suka yi a 1981, sun kawo cewa mutuwar maza sakamakon lalacewar hanta ta sauka daga 29.5 cikin kowane mutum 100,000 a 1911 zuwa 10.7 a 1929, raguwar kashi 64 cikin ɗari. Mafi yawan wannan saukar ta faru ne kafin 1920. Da Angela Dills da Miron suka ware tasirin dokar tarayya ita kaɗai a binciken 2004, sun samu kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. Ko a wannan ƙaramin ma'auni, rayukan da dokar ta tsare suna da yawa, kuma maganar da aka saba yi cewa haramcin bai hana kowa sha ba ba ta da madogara a cikin alƙaluma. Dalilin sokewa yana wani wuri.

Wuri na farko shi ne aiwatarwa. Gwamnatin tarayya ta fara aikin da jami'ai kimanin 1,500. Ƙidayar 1920 ta samu mutum miliyan 106 a ƙasar, wato jami'i ɗaya ga mutum kusan 70,000. Waɗannan jami'ai aka ɗora wa sa ido kan iyakar Kanada da ta Meziko, gaɓar tekuna biyu, kantunan magani, masana'antun da ke amfani da sinadarin barasa, da tukwanen dafa ta a gidaje da gonaki.

Kuɗin aikin bai kai girman aikin ba. Masanin tattalin arziki Mark Thornton ya kawo a 1991 cewa kasafin hukumar aiwatar da haramcin ya tashi daga dala miliyan 4.4 zuwa miliyan 13.4 a shekarun 1920. Idan aka raba adadi na biyu ga mutum miliyan 123 na ƙidayar 1930, kowa ya tashi da kimanin santi 11 a shekara. Gyara na 18 ya raba nauyin ne tsakanin tarayya da jihohi, amma jihohi suka noƙe. Ɗan jarida Charles Merz, a littafinsa kan shekarun haramcin, ya nuna cewa a tsakiyar shekarun 1920 abin da jihohi duka suka ware bai kai dala 700,000 a shekara ba, kimanin kashi ɗaya bisa takwas na abin da suke kashewa kan dokokin farauta da kamun kifi. Maryland ba ta taɓa yin dokar aiwatarwa ba, New York kuma ta soke tata a 1923. 'Yan majalisun da suka kaɗa wa dokar ƙuri'a su ne suka hana ta kuɗi, kuma wannan laifin nasu ne.

Ƙaramin albashi kusa da kasuwa mai riba ya haifar da rashawa. Bayanan gwamnatin tarayya sun nuna cewa daga 1920 zuwa 1931 an kori ma'aikatan hukumar kimanin 1,600 daga cikin kusan 18,000 da aka ɗauka, bisa laifuffuka irin su cin hanci, ƙwace da haɗa baki da masu fasa-ƙwauri. Wannan kusan kashi 9 ne cikin ɗari, kuma waɗanda aka kama kaɗai aka lissafa. A birnin New York, kwamishinan 'yan sanda Grover Whalen ya ƙiyasta mashayun ɓoye 32,000 a 1929.

Kotuna suka cika. A lissafin Cibiyar Nazarin Shari'a ta Tarayya, ƙarar karya dokar Volstead ta kai kusan kashi biyu bisa uku na dukkan shari'un laifi da suka zo gaban kotunan tarayya daga 1921 zuwa 1933. Amsar majalisa ita ce tsananta hukunci. Dokar Jones ta 1929 ta ɗaga iyakar hukuncin laifin farko daga ɗaurin wata shida da tarar dala 1,000 zuwa ɗaurin shekara biyar da tarar dala 10,000, ninki goma a kowanne. Hukumar da Shugaba Herbert Hoover ya kafa ƙarƙashin George Wickersham ta miƙa rahotonta a Janairun 1931. Mutum 10 cikin 11 suka sa hannu kan shawarar kada a soke dokar, amma rahoton kansa ya tabbatar da cewa aiwatarwar ba ta wadatar ba, kuma a bayanansu na daban biyu daga cikin mambobin sun nemi a soke ta, wasu da dama suka nemi a yi mata gyara.

Haramcin ya kuma sauya irin abin da ake sha. Thornton, bisa alƙaluman Irving Fisher wanda shi kansa mai goyon bayan dokar ne, ya kawo cewa farashin giyar sha'ir ya ƙaru da sama da kashi 700 cikin ɗari, na barasa mai ƙarfi kuwa da kashi 270. Mai fasa-ƙwauri ya fi son kayan da ba su cin wuri, don haka kasuwa ta karkata ga mai ƙarfin. Wani kaso nata an sato shi ne daga sinadarin masana'antu, wanda gwamnati ta wajabta a gauraya shi da guba don hana sha. Marubuciyar kimiyya Deborah Blum ta kawo ƙiyasin cewa aƙalla mutum 10,000 suka mutu ta wannan hanya kafin 1933. A 1930 kuma, wani gurɓataccen ruwan citta da ake sayarwa da sunan magani ya shanye wa mutum 30,000 zuwa 50,000 ƙafafu da hannaye.

Kisan kai ya ƙaru daga 6.8 cikin kowane mutum 100,000 a 1920 zuwa 9.7 a 1933, bisa rajistar mace-mace ta ƙasa, ƙarin kashi 43 cikin ɗari. Wannan adadi yana buƙatar taka-tsantsan. A shekarun nan an yi ta shigar da sababbin jihohi cikin rajistar, wasunsu da ma kisan kai ya yi yawa a cikinsu, kuma binciken Emily Owens na 2011 ya danganta mafi yawan ƙarin ga bunƙasar birane da sauyin jama'a. Abin da masu zaɓe suka gani a jaridu kuwa shi ne kisan mutum bakwai a Chicago ranar 14 ga Fabrairu, 1929, a rikicin gungun masu safarar giya. Al Capone, wanda ake dangantawa da kisan, an yanke masa ɗaurin shekara 11 a 1931 kan laifin ƙin biyan haraji.

Mafi yawan waɗannan matsaloli sanannu ne tun kafin zaɓen 1928. A zaɓen, Hoover mai goyon bayan dokar ya samu ƙuri'un wakilan zaɓe 444, Al Smith mai sukarta ya samu 87. Addinin Smith na Katolika da wadatar da ƙasar ke ciki sun yi tasiri a sakamakon, amma a fili yake cewa rashawa, guba da harbe-harbe ba su kayar da dokar a wannan shekara ba. Abin da ya sauya tsakanin 1928 da 1933 shi ne aljihun gwamnati da na jama'a.

A 1910, harajin giya yana kawo wa gwamnatin tarayya sama da dala miliyan 200 a shekara, fiye da kashi 30 cikin ɗari na dukkan kuɗin shigarta, kamar yadda Daniel Okrent ya kawo a littafinsa na 2010. Muddin haka lamarin yake, haramta giya a ƙasa baki ɗaya ba zai yiwu ba. Gyara na 16, wanda ya ba tarayya ikon karɓar haraji kan abin da mutum ko kamfani ya samu, ya tabbata a 1913, Yaƙin Duniya na Ɗaya kuma ya faɗaɗa shi. Shekara shida bayan haka jihohi suka amince da haramcin. Zuwa 1930, wannan sabon haraji yana kawo dala biliyan 2.4 daga cikin biliyan 4.1 na kuɗin shiga, kusan kashi 60 cikin ɗari. A kansa haramcin ya tsaya.

Karayar tattalin arzikin da ta fara a Oktoban 1929 ta sare wannan ginshiƙi. Rahotannin Baitulmalin Amurka sun nuna harajin ya sauka daga dala biliyan 2.4 a shekarar kuɗi ta 1930 zuwa biliyan 1.9 a 1931, biliyan 1.1 a 1932, da kimanin miliyan 750 a 1933. Cikin shekara uku kashi 69 cikin ɗari ya tafi. Masana tattalin arziki Donald Boudreaux da A. C. Pritchard, a nazarin 1994, sun ɗauki wannan faɗuwa a matsayin babban abin da ya sauya ra'ayin majalisa.

Kasafin kuɗi ya bi bayan harajin. A alƙaluman ofishin kasafi na fadar shugaban ƙasa, gwamnati ta samu rarar dala miliyan 738 a 1930, sannan giɓin biliyan 2.7 a 1932, shekarar da kuɗin shigarta gaba ɗaya biliyan 1.9 ne. Giɓin ya fi kuɗin shigar yawa. Dokar haraji ta 1932 ta ɗaga mafi girman kason da ake karɓa daga masu babban samu daga kashi 25 zuwa kashi 63 cikin ɗari. Attajirai irin su Pierre du Pont da John Raskob, waɗanda ke ɗaukar nauyin ƙungiyar adawa da Gyara na 18, sun daɗe suna cewa harajin giya zai iya maye gurbin nasu. Kafin 1930 maganar ba ta samu masu saurare da yawa ba. Bayan 1930 ta samu, domin ana ganin giyar ana shan ta, ribarta tana shiga hannun 'yan fasa-ƙwauri, gwamnati kuma tana cin bashi.

Rashin aikin yi ya tashi daga kimanin kashi 3 cikin ɗari a 1929 zuwa kashi 25 a 1933, mutum kusan miliyan 13, a alƙaluman hukumar ƙididdigar ƙwadago. Kafin haramci akwai masana'antun giyar sha'ir kimanin 1,300, kowace tana jan manoman sha'ir, masu ƙera ganga da kwalba, da masu jigila. Alƙawarin sake buɗe su ya yi nauyi a kunnen wanda ba shi da abin yi.

Ƙuri'un jin ra'ayi da mujallar Literary Digest ta gudanar sun nuna lokacin da ra'ayi ya juya. A 1922, kashi 21 cikin ɗari na waɗanda suka amsa ne ke son a soke dokar, kashi 41 na son a sassauta ta don a halatta giyar sha'ir da ta inabi. A 1930 masu son sokewa sun kai kashi 40. A 1932 mujallar ta cire zaɓin sassautawa, kuma daga cikin amsoshi kusan miliyan 4.7, kashi 73.5 suka zaɓi sokewa. Hanyar mujallar ta tattara ra'ayi tana da rauni, kamar yadda kuskurenta a zaɓen 1936 ya tabbatar, amma a wannan karon adadinta ya zo daidai da na akwatin zaɓe. Alƙaluman na nuna cewa masu ra'ayin tsakiya ne suka yanke hukunci: da aka ƙi sassauta dokar, suka koma ɓangaren sokewa. Ƙungiyar mata masu neman sokewa, wadda Pauline Sabin ta kafa a 1929, ta ce mambobinta sun kai miliyan 1.5 zuwa 1933, abin da ya raunana iƙirarin cewa mata duka suna bayan haramcin.

A zaɓen Nuwamban 1932, Franklin Roosevelt, wanda jam'iyyarsa ta Democrat ta sa sokewa a cikin manufofinta, ya ci jihohi 42 cikin 48. Majalisar da ta amince da Gyara na 21 a Fabrairun 1933 tsohuwar ce mai barin gado, sababbin zaɓaɓɓu ba su kama aiki ba tukuna. Ta kuma zaɓi a miƙa batun ga tarukan wakilan da jama'a za su zaɓa kai tsaye, maimakon majalisun jihohi inda mazaɓun karkara ke da kujeru fiye da yawan mutanensu. Tun ƙidayar 1920 mazauna birane suka kai kashi 51 cikin ɗari, kuma a birane adawa da dokar ta fi ƙarfi. Kafin jihohi su kammala amincewa da Gyara na 21, dokar Cullen-Harrison ta halatta giyar sha'ir mai kashi 3.2 cikin ɗari daga 7 ga Afrilu, 1933, da harajin dala 5 kan kowace ganga.

Ƙasar Finland, wadda ta haramta giya a 1919, ta bi irin wannan hanya a cikin karayar tattalin arziki ɗaya. A ƙuri'ar raba gardama ta Disamban 1931 sama da kashi 70 cikin ɗari suka zaɓi sokewa, haramcin ya ƙare a Afrilun 1932.

Kuɗin da aka yi hasashe ya shigo, amma bai kai yadda aka zuzuta ba. Harajin giya ya kawo dala miliyan 259 a shekarar kuɗi ta 1934, kimanin kashi 9 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, ya kai kusan miliyan 500 a 1936, kashi 13. Giɓin kasafin 1934 dala biliyan 3.6 ne, wato harajin giya na shekarar daidai yake da kashi 7 cikin ɗari kawai na giɓin. Ba a rage wa attajirai haraji ba. Mafi girman kason ya kai kashi 79 cikin ɗari a 1936.

Sokewar ba ta halatta giya a ko'ina ba. Sashe na biyu na Gyara na 21 ya mayar wa kowace jiha ikon yanke hukunci, jihohi da yawa kuma suka bar wa ƙananan hukumominsu zaɓi. Kansas ta riƙe haramcinta har 1948, Oklahoma har 1959, Mississippi har 1966.

Wannan bambanci tsakanin yanki da yanki ya ba masu bincike damar auna abin da sokewar ta jawo. David Jacks, Krishna Pendakur da Hitoshi Shigeoka, a nazarin da mujallar Economic Journal ta wallafa a 2021, sun kwatanta yankunan da suka halatta giya bayan 1933 da waɗanda ba su halatta ba. Sun samu cewa mutuwar jarirai ta ƙaru da kashi 4 cikin ɗari a yankunan da suka halatta, da kashi 4.7 a yankunan maƙwabta da suka ci gaba da haramtawa, domin giya tana tsallaka iyaka. A ƙiyasinsu, jarirai kusan 27,000 ne suka mutu a shekarun da suka biyo baya zuwa 1939 sakamakon sokewar. Wannan adadi ba ya gaban majalisa ko masu zaɓe a 1933.